Murɗin Mugunta

"...Lafiya lau, in ban da kunnena da ka kashe," in ji Baba Yahya, yana gyara zama a gindin rumbu.

Jikansa Khalilu bai ko ɗago ba. Jita na cinyarsa, a gabansa kuma ga wani ɗan akwati mai maɓallai da ya aro a Bacirawa, wanda ke juya muryar jita yadda aka so kafin ta fita a sifika. Ranar Asabar za a gwada Khalilu a wani biki a Bici, in amon bai yi ba, 'yan kiɗan su ɗauki wani.

"Kunnen da ya mutu tun zamanin kwabo mai huji? Tsoho, bar ni in nemi murya."

"Wace murya? Jiya kukan mage, yau sauro a tulu. Ni da garayata, ba waya ba caji, sai da na hana kasuwar Zakirai ci."

"Gudu suka yi, Kaka. Hure ta gaya min."

Nan fa aka taɓa wa tsoho gyambo. Tun ɗazu yake jin taɓaryar matarsa Hure daga cikin gida tana bin kiɗan yaron, tim-tim, har da luguden da ta manta. Rabon da ta yi wa garayarsa haka, tun gemunsa na baƙi.

"Kai ja'iri, matar tawa kake kira gatsal?"

"Amaryata dai. Riƙo na ba ka."

"Da wannan wuyan kamar mariƙin lema?" Ya matso, ya yi murmushin mugunta. "To kawo in taimake ka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi... Wane maɓalli ne ka ce kada a taɓa?"

"Wannan. Shi ke sa amo ya yi kaushi. Kaɗan ake sa masa."

"Kaɗan? Rowa har a kiɗa!"

Kafin Khalilu ya kare, tsoho ya murɗe shi sosai, ya rage maɓallin amsa-kuwwa, ya koma gefe yana jiran awaki su tsinke igiya. Khalilu ya ja tsaki ya daki tsirkiya.

Sai ga wani amo mai kauri, yana zirr a ƙarshe, sak garaya mai ƙarfen zobba a ka. Taɓarya ta tsaya cak. Hure ta fito da gari a hannu, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Angona, ina ka samo wannan? Haka garayar Kamaruddeen na Zakirai take!"

"Kamaruddeen?" Baba Yahya ya miƙe. "Tawa ce haka, Hure! Tawa!"

"Taka ai ta fi kama da kukan magen jiya," in ji Hure.

Khalilu ya faɗi yana riƙe ciki. "Hassada ga mai rabo taki ce! Kaka, ka gina ramin mugunta da zurfi. Tsaya in adana amon nan a akwatin kada ya ɓace. Wane suna zan sa masa?"

"Sunana mana, ɓarawo! Hannun wa ya murɗa?"

"An gama. Kishin Tsoho."

Baba Yahya ya ɗaga sanda, dariya ta ƙwace masa. Ya ciro goron da ya ɓoye a hula ya jefa masa.

"Ungo, ɗan nema. Je ka cinye Bici. Amma Hure ba ta zuwa bikin nan."