Ranar da Akwatina Ya Kashe Alhaji Garba

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Damri ba za su bari ba, don har yau idan na sauka kasuwarsu sai wani ya tare ni ya tambaya ko akwai wanda zan sanar yau.

Gyaran rediyo da amfilifaya ne sana'ata, ina da ɗan shago a Talata Mafara. Amma ni a raina injiniyan sauti ne (ba wanda ya ba ni wannan suna, ni na raɗa wa kaina). A lokacin ina neman auren Hadiza, 'yar Alhaji Garba na Damri, manomin shinkafa mai kaifin harshe. Ita tana so, shi kuwa bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya iso kunnena kawai shi ne wai yaron yana da ladabi, sai dai shagonsa ya fi kama da bola. Maganar nan ta tsaya mini a rai, na ƙudura sai na nuna masa abin da ake fitarwa daga bola.

Ana cikin haka Baba Bulus, dattijon da ke kula da kayan sauti na wani coci a garinmu, ya aiko in zo in kwashe wata tsohuwar miksa, na'urar haɗa sauti, da ta mutu, ta tare musu ɗaki. Girmanta ya kai ƙyauren ƙofa. Irin ta da ce, wadda kowane layin makirufo yake zaman kansa, ka kwance shi ka zaro kamar durowa. Baba Bulus ya shafa ta ya ce a zamaninta ko tari mutum ya yi sai ya fito da daɗi. Nan take dabara ta faɗo mini: in zare layi biyu masu rai, in yi musu wutarsu, in yi musu gidansu, ƙaramin akwatin da zan ɗaura a bayan mashin in je ko'ina da shi.

Faɗa da baki ba wuya. A bayan kowane layi akwai jerin haƙoran ƙarfe, kuma ba wanda ya rubuta wanne ne na wuta, wanne ne mashigar murya, wanne ne mafita. Haka na zauna da mitar gwajin wuta ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Layin farko na juya masa wuta, ya yi tas, hayaƙi ya turnuƙe shago har telan da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo da bokitin ruwa. Na biyu ya yi ta gurnani kamar injin niƙa. Ban karaya ba. Na sake taransifoma, na sake liƙi da dalma har yatsuna suka yi bororo, Hadiza tana ta mitar na daina zuwa zance. Ranar da abin ya tashi, na ce "salamu alaikum" a makirufo, muryata ta fito kamar an shafa mata man shanu. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Saura gida. A nan ne son burga ya ci ni. Na je wurin kafinta ya yi mini akwati na madaci, ya goge shi yana ƙyalli, har da hannun ɗauka. Gangar jikin miksar kuwa, wannan ƙaton ƙarfen, na ba 'yan gwangwan, ina cewa nauyin banza ne.

Sai ga bikin Rabi, yayar Hadiza. Na aika cewa sauti a wuyana yake. Ranar ɗaurin aure tun da hantsi na isa Damri, na kafa lasifika ɗaya a ƙofar gida, ɗaya kuma na ɗora a kan katanga tana kallon cikin gida, don mata su ji addu'a da kunnensu ba sai an ba su labari ba (wannan dabarar ma tawa ce, kuma na yi alfahari da ita). Wayar makirufo ba ta kai inda liman zai zauna ba, sai na ƙara ta da wayar ƙwan lantarki, doguwa, na rataya ta ta kan reshen darbejiya don kada wani ya yi tuntuɓe. Da na kunna na ji wani ɗan ƙus-ƙus can ƙasa-ƙasa, na ce janareta ne.

Akwai abin da ban sani ba a lokacin. Alhaji yana da hawan jini, kuma da safen nan ya yi ta kukan jiri, har Hajiya, matarsa, ta roƙe shi ya kwanta ya wakilta ƙaninsa. Ya ƙi, ya sa babbar riga ya fito.

Aka taru, aka yi shiru. Liman tsoho ne, muryarsa ba ta fita, sai na murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe. Ya yi gyaran murya, ya ɗan dakata yana gyara rawani. A cikin wannan shirun ne wata murya garau, wadda ba ta kowa a wurin ba ce, ta fito daga lasifikoki biyun:

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Alhaji Garba..."

Tashar rediyo ce. Akwatina ne ya kamo ta. Na yi tsalle na fizge waya, komai ya ɗauke. Kuma wannan fizgewar ita ce babbar wautata, don da na bari mai sanarwa ya ƙarasa, da kowa ya ji wani Alhaji Garban ne na wani gari can daban. Ni kuwa na datse maganar daidai kan sunan.

Mu da ke waje muna kallon Alhaji zaune a kan darduma, baki buɗe. Mata a cikin gida ba sa ganin kowa, lasifika kawai suke ji. Salati ya tashi, kuka ya biyo baya, na ji ƙarar tukunya ta kife. Amarya ta suma. Hajiya ta fito zaure da gudu ba takalmi, tana cewa ai ta faɗa masa, ai ta faɗa masa. Dole Alhaji ya tattara babbar riga ya shiga gidansa ya shaida musu yana raye, sai muka ji sabon ihu, don wata gwaggonsa da ta gan shi ta ɗauka fatalwa ce. Muna jiyo muryarsa ta kan katanga:

"Ni na, Garba na! Wa yac ce na mutu?"

Da ya fito, duk taron ya juyo kaina ya amsa masa da ido. Ina tsaye rungume da akwatin madaci mai ƙyalli, na ji da ƙasa za ta tsage da na shige. An dai ɗaura aure, da baki kawai ba lasifika. Amma masu wucewa kasuwa sun riga sun ji, sun kai gaba. Washegari wani ya taso tun daga Ruwan Gizo a kan mashin don ta'aziyya, ya tarar da mamacin yana shan fura a ƙofar gida.

Hadiza ta daina ɗaga wayata. Abokai suka ce in haƙura, in nemi wata a Maradun inda labari bai kai ba (ya kai). Ni kuwa kunyar ta koma mini zuciya. Na rufe shago na bi abin daki-daki har na gano: ƙarfen nan da na raina shi ne katangar da ke hana igiyar rediyo shiga, katako kuwa ƙofa ce a buɗe. Doguwar wayar da na rataya a darbejiya, eriya na kafa da hannuna. Na je wurin mai walda ya yi mini akwatin ƙarfe, mummuna, mai nauyi. Na haɗa masa wayar ƙasa, na samo wayar makirufo ta gaskiya mai rigar ƙarfe a ciki. Na murɗa ƙara har ƙarshe, shiru kake ji.

Sai na ɗaura shi a mashin, na ɗauki kawuna, muka koma Damri. Na durƙusa na gaishe da Alhaji, na ba da haƙuri, na roƙi a bar ni in kunna a gabansa. Ya bari. Ba abin da ya fito sai muryata. Sai ya ce wa kawuna yaron da ya iya dawowa ƙofar nan bayan abin da ya yi, ba zai gudu ya bar iyali ba. Ya juyo gare ni:

"Ba kowa Allah ka ba ya ga makokinai da idonai ba. Na ga waɗanda sunka yi kuka, na ga waɗanda sunka ci gaba da cin shinkafa. Na ba ka ɗiyata. Amma ranar ɗaurin aure in nig ga waya guda ƙofar gidan ga, na hwasa."

Haka aka yi. Ni, injiniyan sauti, aka ɗaura mini aure ina can bayan taro ban ji ko kalma ɗaya ba, sai da na ga an shafa fatiha na tambayi na kusa da ni ko da sunana aka ɗaura.

Abin da na koya guda biyu ne. Kafin ka raba abu da gidansu, ka tambayi me gidan yake tsare masa. Sannan idan rediyo ya fara kashe surukinka a bainar jama'a, don Allah ka bari ya ƙarasa magana.