Ranar da na lashi jakar sojan Sikotilan

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na lashi kayan wani dattijo a tsakiyar Paris ba, mutane suna kallo. Da harshena nake nufi, ba wani zaurance ba ne.

Lokacin ina karatu a birnin Lyon na Faransa, ina zaune a unguwar Les Minguettes, ƙarshen mako kuma ina taya Mushe Girard aiki a shagonsa na tsofaffin kayan soja. Mutumin ya haukace a kan kayan sojojin tsaunukan Sikotilan, waɗannan masu ɗaura siket mai gida-gida. Akwai 'yar wuƙar da suke sokewa a safa, da bajon hula, sai uwa-uba jakar da suke ratayawa a gaba, mai gashin doki da bakin azurfa, wadda suke kira sporran. Jabunta ya cika kasuwa, shi kuma azurfa ya sani, bai san fata ba. Ni kuwa ɗan majema ne daga Maraɗi. A cikin warin jima na yi rarrafe, don haka ina taɓa fata zan gaya maka akuya ce ko tunkiya, tsohuwa ce ko an shafa mata ƙasa ne don ta yi kama da tsohuwa. Sau uku ina kama masa jabu, kaina ya kumbura.

Karatuna ya zo ƙarshe, kuma in ban samu aiki na dindindin ba, takardar zamana ta ƙare ke nan. Mushe Girard ya ce in raka shi baje kolin masu tara irin kayan a Paris, in na yi abin kirki zai ɗauke ni. Da muka isa Paris har kwat na saya a kasuwar Barbès (hannunta ya fi nawa tsawo, na naɗe shi ciki).

A zauren muka tsaya gaban teburin wani dattijo ɗan Sikotilan, mai jin Faransanci. Ya ajiye sporran guda ɗaya a kan ƙyalle, ya ce ta mahaifinsa ce, hafsa ne, da ita ya je yaƙin duniya na farko. Maigidana ya ƙyasa. Ya miƙo mini ita yana gaya wa mutane, "Ga masanina na fata."

Na buɗe aljihunta na baya. Cikinsa jar fata ce mai ƙananan ƙwayoyi, irin ta jar akuyarmu, jimar bagaruwa, rinin karan dafi. Ko cikin barci aka nuna mini ita zan gane. Na shinshina. Sai na yi abin da kakana yake yi in yana tantamar jima: na kai harshe na lasa.

Mutane suka zuba mini ido. (Gaskiyar magana, lasar ba ta gaya mini komai ba sai ɗacin man goge kaya.) Amma tun da na riga na fara, sai na gyara kwat na ɗaga murya na ce, "Wannan jabu ce. Fatar garinmu ce, a Nijar aka jeme ta. Me zai kai ta jikin sojan Sikotilan?"

Dattijon bai yi fushi ba, abin da ya fi fushin ciwo. Ya ciro hankici ya goge yawuna a hankali. Ya nuna wa maigidana hatimin maƙeri a jikin azurfar, wanda ke faɗin gari da shekarar ƙira. Ya fito da hoton mahaifinsa sanye da jakar, ga ma lotsawar da ke gefen azurfar a hoton. Mushe Girard ya yi ja har kunne. Ni kuwa na ji kamar in shige cikin jakar in rufe.

Sai dattijon ya dube ni ya ce, "Saurayi, daga ina ka ce fatar take?"

Na ce, "Maraɗi, ko Sakkwato, ko wajen nan dai." Muryata ta koma ta ɗan tsako.

Ya ce tun kafin a haifi mahaifinsa ake kai jar fatar akuyar ƙasarmu Birtaniya, kuma manyan masu ɗinkin fata da masu ɗaure littattafai ba su da wadda ta fi ta. Ya daɗe yana zaton cikin jakar nan ita ce, bai samu wanda zai tabbatar masa ba. "Ka ce ni maƙaryaci ne," in ji shi, "amma ka ba ni shaidar da na rasa." Ya roƙe ni in rubuta masa yadda na gane, in sa hannu.

A jirgin ƙasa na komawa Lyon, sai da muka wuce rabin hanya sannan maigidana ya ce in zo Litinin mu cike takardun aiki, da sharaɗi ɗaya: duk abin da na gano, a kunnensa zan faɗa, kuma harshena ya zauna cikin bakina.

Washegari na buga wa Baba waya na ba shi labari. Ya ce, "To kai mi ya kai ka lasar kayan mutane?" Kafin in amsa ya ƙara, "Hwatar hwa, ta tsattsage?"

Na ce, "Ko kaɗan, Baba. Tana nan lumui."

"Shekara nawa?"

"Ta kusa ɗari, har yaƙi ta je."

Na ji yana kiran maƙwabta su zo su ji. Ni da na baro gida ina ɓoye wa abokan karatu sana'ar gidanmu, ranar na yi ta murmushi ni kaɗai a ɗaki. Yanzu a katin shago an rubuta sunana, a ƙasa masanin fata. Na koyi cewa hancina bai taɓa yaudarata ba, bakina ne ba ya jiran a gama bincike. Har yau kuma in aka kawo sabuwar jaka, Mushe Girard yakan tambaye ni ko na ci abinci kafin ya miƙo mini.