Yadda Za Ka Yi wa Katakon Moski Fenti Ba Tare da Ka Saurari Matarka Ba

A Dumyaɗ ta ƙasar Masar, kafintoci na cewa hannun Usta Garib ba ya kuskure. Masu fenti na cewa kunnensa ado ne kawai. Matarsa Sakina, wadda ta tashi a shagon fentin mahaifinta, ta ce shekara talatin ba ta taɓa jin "yi haƙuri" a bakinsa ba. In ya yi laifi, sai dai ya shigo da ledar mushabbak, soyayyen kayan zaƙin nan mai zuma, ya ajiye, ya yi gyaran murya. A wurinsa na koyi wannan hanya, lokacin da ya haɗa wa 'yarsu Dalya kabad ɗin aure. Ka bi ta daki-daki, na yi maka alkawari unguwa ba za ta manta da kai ba.

1. Ka raina aikin

Kai da ka haɗa kabad mai ƙofa shida, burushi ne zai gagare ka? Kada ka kira mai fenti. Usta Garib cewa ya yi, "Duk wanda ya iya shafa cuku a burodi ya iya fenti."

2. Ka toshe kunne

Moski katako ne mai idanu, wato tabon da rassa suka bari a jikinsa, kuma kowane ido cike yake da ƙaro. Matarka za ta leƙo ta ce, "Abu Dalya, ka rufe masa ido tukuna. Gamalakka sau biyu, sannan shafin farko."

Gamalakka ƙaro ne da ake jiƙawa, yana toshe idon katako. Kai ba ka buƙatar sanin haka. Ka amsa yadda Usta ya amsa: "Ummu Dalya, ina jin ƙaurin shinkafarki."

3. Ka lafta fari mai kauri

Shafin farko na marasa imani ne. Ka zuba fenti sau ɗaya, ka ja baya, ka kira maƙwabta su yaba. Masana sun tabbatar cewa abin da ido bai gani yau ba, babu shi.

4. In idanu suka buɗe, ka ɗora wa wani

Bayan mako uku na zafin Agusta, kabad ya farka. Ido goma sha bakwai, rawaya-rawaya, kowanne da hawayensa. Ka zargi iskar teku. Ka zargi gwangwanin fenti. Usta har tsohon maƙwabcinsa Fathi ya zarga da kambun baka.

"Ni?" in ji Fathi. "Usta, kabad ɗinka ya fi ni idanu. Ni ya kamata in nemi tsari."

5. Ka ƙara lafta wani

Zai yi kyau kwana biyar. A na shida za su dawo, ka rantse sun ƙara girma.

6. Ka tuna ranar ɗaukar kaya

Ranar Alhamis za a ɗora kayan amarya a buɗaɗɗiyar mota, a zaga gari ana buga hon, dangin ango na ƙirga ƙofofi daga baranda. Saura kwana huɗu uwar ango ta zo duba kaya. Ta daɗe a gaban kabad ɗin, sannan ta ce, "Masha Allahu. Tun yanzu ya fara kukan rabuwa?"

Dalya ta ɗauko zanen gado ta lulluɓe shi, ta tambayi uwarta a hankali ko za a iya barinsa a gida. A nan hanyata ke ɗan tangarɗa, domin Usta yana bayan ƙofa, ya ji.

7. Ka sayo mushabbak

Ya sayo kilo biyu, ya ajiye, ya yi gyaran murya. Sakina ko kallon ledar ba ta yi ba. Ta ɗaura ɗankwali, ta miƙa masa samfefa.

"Kankare har ka ga katako."

Ya kankare. Ta bi idanun ɗaya bayan ɗaya da gamalakka, ta jira, ta sake bi. Shafin farko. Gugar samfefa mai laushi. Fari siriri sau biyu, ana bin tsawon katako. Kwana uku yana riƙe mata gwangwani, ledar tana nan a ɗaure, ƙudaje na zagaya ta.

Gargaɗi

Ba ruwana da abin da zai same ka. Wanda ya bi matakan nan ya ji kunya, shi da burushinsa. Ni saurare kawai na yi a bakin shago. Kuma ban da hannu a abin da ya faru da safiyar Alhamis, wanda ya rushe tsarin gaba ɗaya.

An ɗora kabad fari tas, mata na guɗa, direba ya tayar da mota. Usta Garib ya ɗaga masa hannu ya kashe. Ya yi gyaran murya. Sakina ta duba hannunsa, babu leda.

"Ummu Dalya."

"Ɗaga murya, Usta," in ji Fathi, "mu ma shekara talatin muke jira."

Ya ɗaga, har na kan baranda suka ji.

"Kin faɗa mini, na ƙi ji. Sakina, ki yi haƙuri."