Sabon Ido a Kasuwar Kurfi

Da aka yi mini aikin ido da leza, likita ya ce gani zai yi dishi-dishi na 'yan kwanaki, in zauna gida. Ni da na rabu da tabarau? Na hau babur daga Dutsin-Ma sai kasuwar Kurfi.

Ina fitowa daga rumfar wake na hango wani ƙato dishi-dishi zaune kan babur ɗina. Raina ya ɓaci, na daka masa tsawa: "Kai ɓarawon banza, sauka! Na ubanka ne?"

Ya juyo a hankali ya ce, "Ɗana, lafiya? Ai nawa ne."

Surukina ne, Alhaji, kan nasa babur ɗin.

Har yau haushi nake ji, don ina sallama gidansu ƙannen matata suke ihu: "Baba, sauka, ga Sabon Ido nan!"