Janar Illiassou da Takardar Masauki

Allah ya yi wa garin Saint-Denis na ƙasar Turawa baiwa da Alhaji Illiassou. Sana'arsa loda tsofaffin firji zuwa Yamai, amma a fagen yaƙi ba shi da na biyu. Bai taɓa harba ko danƙo ba, duk da haka sau uku yana ƙwato Tumbuktu a kan teburin gidan abinci, da cokali biyu da kwalbar yaji. Don tsokana aka laƙaba masa Janar. Shi kuwa ya buga a katinsa.

A shekarar 2015 babu abin da ke ƙona masa rai kamar ƙasashen da ke kiran kansu ƙawaye. An ce a haɗu a kai wa 'yan ta'adda hari, sai kowace ta noƙe. Wannan ta ce majalisarta na hutu, waccan ta aiko barguna da ta'aziyya.

"Aboki da jirginsa yake zuwa," in ji Janar, yana dukan tebur. "Da ni aka ba wa aikin nan, kwana uku sun yi yawa."

Maazou, lebura a wajen gini, yana cikin masu saurare. An ƙone ƙauyensu a gaɓar kogin Komadugu, tsohuwarsa na sansanin gudun hijira kusa da Diffa, ga ciwon suga. Biza yake nema mata, biza kuwa sai da takardar masauki: mai gida mai fili ya je ofishin magajin gari ya sa hannu cewa zai sauke ta. Ɗakin Maazou su uku ke kwana a ciki. Janar na da ɗaki huɗu a unguwar Stains, biyu kwalaye ne ke hutawa a cikinsu.

Bayan sallar Juma'a Maazou ya durƙusa, ya gaida shi har da tambayar lafiyar firji, sannan ya faɗi buƙatarsa. Janar ya gyara hula, ya ce magana ce babba, sai an yi nazari. Mako na biyu ya ce yana tuntuɓar masana. Mako na uku ya rage murya, ya ce sa hannu ai shigar da suna ne cikin takardun hukuma, kuma yanayi bai nuna ba tukuna.

"Amma ka sani, ƙanena, ina bayanka ɗari bisa ɗari."

Ranar da aka ba tsohuwa ta kai takardunta ofishin biza ta zo babu takardar masauki, Janar kuwa na birnin Lyon. Ya yi wa mutum goma sha tara lacca kan ragwancin ƙawaye, a gaban ƙaton hotonsa da aka buga a leda mai kauri, yana nuna gabas da yatsa. Da ya dawo, ya naɗe hoton ya miƙa wa Maazou, ya ce a kai wa tsohuwa ta san ba a manta da su ba. Maazou ya karɓa. Ya ba Hudu, ɗan kasuwa mai tafiya gida.

Da damina ta faɗi, tsohuwa ta kira. Ta ce a yi wa bawan Allah nan godiya, hotonsa ya toshe inda rufin bukka ke yoyo.

"Sai dai wajen ƙafafuna har yanzu yana ɗiga," in ji ta. "In ya sake yin taro, ka ce ya buga wanda ya fi wannan faɗi."