Farin Tabo a Bayan Karshi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kwashi 'yan ajinmu kaf, har da malaminmu Dakta, na kai su Karshi su ga ɓarnar masu kuɗi ba.

Ni dai ban san ƙofar aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari. Daga yaƙi da jahilci na fara, ina tafe ina tuntuɓe har na kai jami'a a Gwagwalada, cikin sa'annin 'ya'yana. Mama suke ce mini, kuma suna shakkar bakina (ban ga laifinsu ba). A shekarar ƙarshe aka ba ni bincike: in duba hotunan tauraron ɗan adam, in auna yawan hasken rana da kowace irin ƙasa take mayarwa sama. Ruwa da kurmi shanye haske suke yi, sai su fito da duhu. Sabon kwano da siminti kuwa mayar da shi suke, sai ka gan su tas.

Lokacin nan gini ake yi a Abuja kamar ana tsere. Ina duba hotunan bayan Karshi, garinmu, sai ga wani tabo. A hoton damina baƙi wuluk. A na rani fari fat, ya ma fi rufin sababbin gidaje haske. Nan take raina ya ɓaci.

Ranar gabatar da aiki na miƙe na ce, "Dakta, an cinye mana gonaki. Wani kamfani ya share wurin nan ya malala siminti."

Dakta, mai duba aikina, mutum ne mai sanyin magana. Ya ce, "Hajiya, kin je kin gani da idonki?"

"A Karshi aka binne cibiyata. Me zan je gani?"

"To, Asabar mu je gaba ɗaya. In haka ne, kin yi babban aiki. In ba haka ba, sai mu sake duba maganar gamawarki bana."

Na ce ko yau ma.

A cikin bas ban bar kowa ya huta ba. Na ce wa yaran su shirya wayoyinsu, in maigadi ya hana mu shiga su bar ni da shi. (Atamfar fita kunya na sa, saboda ko za a kira 'yan jarida.) Muka sauka, muka ratsa gonaki, ina gaba da na'urar nuna wuri a hannu kamar mai jan yaƙi.

Hancina ne ya fara ba ni labari. Tsamin jiƙaƙƙen rogo.

Falalen dutsen nan ne na bayan gari, matan unguwa sun lulluɓe shi da shanyar rogon alabo tun daga wannan gefe har wancan. Ga Yaya Asabe, wadda nake bi, riƙe da sanda tana korar awaki.

Ta ce, "'Yar boko, lafiya da runduna haka? Ko alabonki kika zo ɗauka? Ai bai bushe ba."

Wata ɗaliba ta matso ta ce a hankali, "Mama, wannan ce manajar kamfanin?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige har da na'urar. A kan dutsen nan na yi ƙuruciyata ina gadin shanya. Abin da ya fi ciwo, ranin da aka ɗauki hoton ni da hannuna na zo na baza nawa kason. Wato ina cikin masu hannun jari.

Dakta ya yi tari, wai don kada in ga dariyarsa, ya ce, "Hajiya, awonki daidai ne, sunan ne kawai kika ɓata. Ki gyara, ki rubuta dutse mai shanyar rogo, ki bayyana yadda haskensa ke sauyawa daga damina zuwa rani. Ba kowa zai iya wannan bayanin ba sai ke."

Yaya ta ƙulla wa kowa gari a leda, ta ce kyautar kamfani ce. Na gama a shekarar, amma har ranar yaye mu yaran nan Oga Manaja suke kira na.

Bakina dai bai mutu ba. Sai dai yanzu in na ga fari a hoto, takalmi nake fara nema kafin in buɗe bakin.