Takobin Silima a Filin Sharo

Ba zan taɓa mantawa da sharon Buji ba, ko da zan manta da sunana. Zamanin Turawa ne, silima ba ta daɗe da zuwa Kano ba. Na raka Baffana da shanu daga rugarmu ta bayan Dutse zuwa Kano, muka sayar, ni kuwa na sulale na shiga kallo.

Abin da na gani ya hana ni sukuni. Wasu samarin Turawa ne da gashin tsuntsu a hula, suna faɗa da takubba suna waƙa. A kawo wa mutum sara, ya goce, ya ɗare kan teburi, ya ci gaba da baitinsa, mata na tafi. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, amma na dawo gida kamar mai iska. Kiwo ya gagare ni. Kullum ina bayan garke da karan dawa, ina gocewa, ina tsalle, ina rera abin da ban san ma'anarsa ba (har shanun suka daina ɗago kai).

Sai ga sharo. Ga wanda bai sani ba, tsayawa za ka yi ƙirji a buɗe, madubi a hannu, a tsula maka tsumagiya kana murmushi. In ka motsa, ka zama rago. Dije kuwa, yarinyar da nake nema, ta riga ta ja mini kunne a bakin rijiya: "Kai dai ka tsaya. Baba zai zo kallo."

Na tsaya. Kiɗa ya yi zafi. Buba, wanda aka haɗa mu, ya ɗaga tsumagiya. Wallahi ban yi niyya ba, jikina ne ya tuna karatunsa. Na goce, na tare da madubin, na daka tsalle na dira kan wani turmi da aka kife a gefe. Har bakina ya ɗauko waƙar!

Ganga ta yi tsit. Baffa ya tako a hankali ya ce, "Sauko, ɗan nan. Turmin mutane ne."

Mahaifin Dije ya saɓa sandarsa ya tafi. Da kaka aka kai ta ɗakin Buba. Abin ya ci mini rai, har yau ma yana ci.

Na dai koyi abu ɗaya: kafin ka kwaso jarumtar wasu, ka bincika ko a garinku ba ita ake kira tsoro ba.